Kafin a Sayi Fom: Faɗakarwa ga Iyayen Kwari kan Karatun Aikin Asibiti

Duk shekara, da sakamakon WAEC da NECO ya fito, hirar 'yan Kantin Kwari takan ɗan sauka daga kan farashin dala da dilar atamfa ta koma kan yara. Wane ɗansa ya haɗa kiredit, wane kuma 'yarsa ta ci darussan kimiyya duka amma makin JAMB bai kai na likitanci ba. Daga nan sai ka ji an yanke hukunci a tsaye, tsakanin ciniki da ciniki: "Alhaji, tunda likitan bai samu ba, ka kawo shi shago kawai." In mace ce, a ce a gwada makarantar nas, in ba a dace ba ta zauna a gida har Allah ya kawo miji. A lissafin yawancinmu mutum biyu ne ke aikin asibiti, likita da nas, sauran duk 'yan taya aiki ne.

Wanda ya taɓa kai marar lafiya Asibitin Murtala da sassafe ya san ba haka abin yake ba, ko da bai tsaya ya lura ba. Kafin ka ga likita, wani ne ya yanka maka kati ya zaƙulo fayil ɗinka. Likita ya rubuta gwaji, wani ne ya ɗebi jinin ya auna. In hoto ne, wani ne ya ɗauka. Maganin da aka rubuta, wani ne ya ƙirga ya yi maka bayanin yadda za ka sha. In karaya ce aka kai asibitin ƙashi na Dala, wani ne ya naɗa filasta, wani daban kuma ya yi ta gashi da motsa gaɓar har ta dawo aiki. Kowannensu da karatunsa, da jarrabawarsa, da hukumar tarayya da ke riƙe da rajistar sunansa. Likita yakan ga marar lafiya na 'yan mintoci ne, kuma sau da yawa hukuncin da zai yanke ya rataya ne a kan takardar da mai gwaji ya miƙo masa.

Jihar Kano tana da kwalejinta ta koyar da da yawa daga cikin waɗannan sana'o'i, wato Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya, wadda ta ƙunshi Makarantar Fasahar Lafiya ta Kano, da takwararta ta Bebeji, da Makarantar Koyon Tsafta da aka fi sani da Haijin. Maƙwabtanmu ma kowa da tasa: Jigawa tana da ta Jahun, Kaduna ta Makarfi, Katsina ta Kankiya da ta Daura, Sakkwato ta Gwadabawa, Zamfara ta Tsafe. Makarantun nas da ungozoma daban suke, da hukumarsu daban, kuma ba su nake nufi a nan ba.

Haijin ita ce kakar su duka. Tun farkon shekarun 1930 take yaye malaman tsafta, waɗanda iyayenmu suka sani da duba-gari. Tsofaffin Fagge har yau suna ba da labarin yadda gida kan rikice in aka ce duba-gari ya shigo layi: a hau shara, a rufe masai, a zubar da ruwan da ya kwana. Shi kuma ya shigo da kakinsa, ya buɗe randa ya leƙa ko akwai tsutsar sauro, ya duba kwata, ya duba bayan gida, wanda ya ƙi gyara a kai shi gaban alƙali a ci shi tara. Mutane sun ji tsoronsa, wasu sun tsane shi, amma layuka sun tsaftata. Ɗalibin Haijin na yau wannan aikin ya gada, sai dai ya faɗaɗa. Ana koya masa auna ruwan sha, da duba nama a mayanka, da binciken gidajen abinci da gidajen burodi, da sarrafa shara, da feshin sauro, da bin sawun annoba har a gano rijiyar da ta fito.

Duk wanda ya wuni a Kwari ya san inda ake buƙatar wannan mutum. Dubban mutane ne ke ci su sha a kasuwar kullum, a hannun masu abincin da ke girki a bakin kwalbati, su yi alwala da ruwan 'yan garuwa, su shiga gidajen wanka da bahaya na haya. A watan Agustan 2022 ruwan sama ya mamaye layukan kasuwar ya lalata kaya masu ɗimbin yawa, aka yi ta maganar toshewar magudanai da gine-ginen da aka ɗora a kansu. Asarar atamfa da shadda ita aka fi lissafawa, domin ita ake gani da ido. Ruwan kwata da ya shiga rijiyoyi da ramukan masai kuwa, sai bayan kwanaki ake ganin sakamakonsa a gadon asibiti. Hana irin wannan sana'a ce da ake zama a aji a koya, kuma hukumar tarayya mai kula da jami'an tsaftar muhalli, wadda aka kafa da dokar 2002, ita ke ba su lasisi.

Kwas ɗin da ya fi jan ɗalibai shi ne na lafiyar al'umma, wanda ake yi wa laƙabi da CHEW, da ƙaninsa JCHEW. A tsarin da aka saba, na farko shekara uku ne, na biyu shekara biyu. Tushensa yana komawa ga taron Alma Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko, kusa da gidajen mutane, shi ne ginshiƙi. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya tsaya kai da fata har tsarin ya kafu a ƙananan hukumomi, kuma a 1992 aka kafa hukumar da ke yi wa waɗannan ma'aikata rajista. Su ne mutanen da talaka ke kira malamin asibiti ko malamar asibiti. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki. A mafi yawan waɗannan ƙananan asibitoci babu likita zaunanne. Malamin asibiti shi ne wanda mai naƙuda da mai zazzaɓi za su tarar.

Ku leƙa ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin Fagge ranar rigakafi ku ga yadda aikin yake. Mata sun cika benci da goyo, kowace da katinta a hannu. Malama ta riga ta duba ma'aunin firij tun da safe, domin yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, in sanyin ya kauce sai allurar ta lalace ba tare da kamanninta sun sauya sosai ba. Ta karɓi kati ta lissafa makonnin jariri: mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9 na ƙyanda. Ta ɗora shi a sikeli. Babban wansa da aka riƙo a hannu, ta lura ya rame, sai ta zaro ɗan tef mai launi uku ta naɗa a damtsensa. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, ba za a bar shi ya koma gida haka ba. Ta juya ga uwar ta ce, "Maman Abba, me yake ci a gida? Yaushe ya fara gudawar?" Duk wannan cikin 'yan mintoci, kuma kowane mataki a rubuce yake a littafin ƙa'idojin aiki da aka horar da ita a kansa. Littafin yana gaya mata abin da za ta yi wa magani da kanta, yana kuma gaya mata alamomin da in ta gani dole ta tura babban asibiti nan take. A ganina wannan kashi na biyu shi ne zuciyar karatun.

Mun ga abin da ke faruwa in wannan aiki ya yi rauni. Cutar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022 ta shiga 2023 ta fi yi wa Kano ɓarna a kan kowace jiha, kuma akasarin yaran da ta kama ba su kammala rigakafinsu ba, alhali allurar da ke kare su tana cikin waɗanda ake yi kyauta a mako 6 da 10 da 14. Sannan akwai batun yarda, wanda a Kano yana da tarihi mai ciwo. A Asibitin Zana da ke nan Fagge ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa da yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kuma tabon wannan yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Kafin a kai ga ranar 25 ga Agustan 2020, da aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, sai da ma'aikatan lafiya 'yan unguwa, waɗanda aka san iyayensu, suka yi shekaru suna bi gida-gida tare da masu unguwanni da malamai. Magidancin da zai rufe wa baƙo ƙofa yakan buɗe wa 'yar maƙwabcinsa. Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba a ce 'ya'yan Fagge da Sabon Gari su bar wa wasu wannan karatu.

Sai ɗakin gwaji. Mai taimaka wa masanin gwaje-gwaje shekara uku yake yi, kuma hukumar da aka kafa da dokar 2003 ita ke tantance makarantarsa ta yi masa jarrabawa. Aikinsa na haƙuri ne da natsuwa: ya ɗiga jini a kan gilashi, ya shanya, ya rina, ya sunkuya kan madubin likita yana neman ƙwayar maleriya a cikin ƙwayoyin jini. Nan ne ake raba mai horo da mai kwaikwayo. Mu duka mun san yadda kowane zazzaɓi a garin nan yake ƙarewa da "taifot da maleriya", a haɗa wa mutum allurai da ƙarin ruwa. Gwajin Widal da ake yawan dogara da shi wajen cewa taifot ce, shi kaɗai ba ya tabbatar da cutar. Wanda ya yi karatun ya san haka, ya kuma san cewa shuka jini a ga ko ƙwayar za ta tsiro shi ne abin dogaro.

Nauyin wannan sana'a ya ƙaru tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na gado, da sauransu, kafin a ɗaura aure. Ku yi tunanin abin da ke cikin wannan 'yar takardar. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila. Idan wanda ya yi gwajin bai iya ba, ko ya musanya kwalabe, ko ya ji kunyar dangin ango ya rubuta AA a inda AS ne, to gida guda ya jefa cikin jinyar shekaru. Yaron da za a tura wannan karatu a duba amanarsa kafin a duba makinsa.

Maganar magani kuwa, mu mutanen wannan yanki ba ma buƙatar a ba mu labari. Shekaru da dama kasuwar Sabon Gari da layukan da ke kewaye da ita su ne cibiyar sarin magani ta Arewa, kwali a kan kwali cikin zafin rana. A 2018, bayan binciken BBC kan kodin, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A farkon 2024 kuma hukumar NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da dubu a yankin, domin tilasta wa 'yan sari komawa sabuwar cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko yana ganin an takura wa 'yan kasuwa, alƙiblar a fili take: cinikin magani yana komawa hannun masu takarda da lasisi. Yaron da ya tashi a shagon magani, ya san sunan kowane kwali, in ya ƙara da shekara uku na karatun mataimakin mai harhaɗa magani, ya san dalilin da ya sa wani magani ba ya haɗuwa da wani, da wanda ba a ba mai ciki, da yadda ake lissafa na yaro da nauyinsa. Amma a san wannan tun da wuri: takardarsa ta aiki ce a ƙarƙashin kulawar cikakken mai harhaɗa magani, ba ta buɗe babban kantin magani da sunansa ba. Lasisin ƙaramin kemis kuma na sayar da jerin wasu magunguna ne da hukuma ta ƙayyade. Bai halatta allura ko ƙarin ruwa a bayan labule ba.

Akwai sauran kwasa-kwasai da ba a cika ambata ba: adana bayanan marasa lafiya, wanda yanzu ya koma aikin kwamfuta, kula da haƙori, abinci mai gina jiki, wayar da kan jama'a. Gashin ƙashi da ɗaukar hoto da duba ido a matakin digiri kuwa, waɗannan na jami'a ne, kuma Jami'ar Bayero tana da tsangaya guda ta musamman dominsu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Takardar da makaranta ke bayarwa ranar yaye ɗalibai ba ita ke ba mutum izinin taɓa marar lafiya ba. Izinin yana hannun hukumar sana'ar, kuma hanyarsa ɗaya ce. Hukuma takan zo ta duba makaranta, ta ga malamai da ɗakunan gwaji da asibitin da ɗalibai za su yi aikin koyo, sannan ta amince da kwas, ta kuma yanka wa makarantar adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Bayan an ɗauki ɗalibi, makaranta ta tura sunansa a ba shi lambar rajista ta ɗalibta. Da wannan lamba zai zauna jarrabawar ƙasa a ƙarshe, in ya ci a ba shi lasisi. In aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, shekara uku da kuɗin da aka kashe sun tafi a banza. Kuma amincewar kwas-kwas ake yin ta: makaranta tana iya samun izinin koyar da lafiyar al'umma amma ba ta da na gwaje-gwaje, ta kuma ci gaba da sayar da fom ɗin duka biyun. Wata kuma tana da izinin, amma an yanka mata adadi ta ɗauki ninkinsa, sai ragowar su yi ta jiran lamba shekara bayan shekara.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2022 gwamnatin Kano ta rufe makarantun koyon aikin lafiya masu zaman kansu guda 26 da ta ce ba su cika ƙa'ida ba. Kowace ɗaya a cikinsu tana da ɗalibai masu fararen kaya, da iyayen da suka biya. Akwai makarantun kuɗi nagari masu cikakken izini, ban ce a guje su duka ba, haka kuma kasancewar makaranta ta gwamnati bai ɗauke wa uba nauyin tambaya a kan kwas ɗin da ɗansa zai shiga ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, Alhajin da ba zai karɓi turmin atamfa ba sai ya juya gefenta ya duba hatimi, ya murza ta ya ji ko jabu ce, shi ne zai biya kuɗin shekara guda na makaranta don kawai ya ga allo mai kyau a bakin titi da hoton yara sanye da farar riga.

Tambayoyin ba su da wuya. A je makarantar da ƙafa, kada a tsaya ga ɗan kamasho mai cewa zai samo gurbi. A ce, "Malam, wace hukuma ce ta amince da wannan kwas ɗin, kuma ina takardar?" A tambayi adadin da aka yanka musu da adadin da suka ɗauka bara. A nemi ɗaliban aji na biyu a tambaye su ko lambarsu ta fito. A tambayi asibitin da suke zuwa aikin koyo, in da hali a leƙa. Hukumomin nan sukan wallafa jerin makarantun da suka amince da su, kuma duk yaron da ke da waya zai iya dubawa a intanet. In kwas ɗin na difloma ne ta ƙasa ko babbar difloma, a haɗa da tambayar amincewar hukumar NBTE da ke Kaduna, a kuma tabbatar an bi ta JAMB, domin rashin wannan yakan hana tafiya bautar ƙasa daga baya. Makarantar da ta fusata don an yi mata waɗannan tambayoyi ta riga ta ba da amsa.

Sharaɗin shiga, a mafi yawan kwasa-kwasan, kiredit biyar ne: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, a zama ɗaya ko biyu. Ƙa'idojin sukan sauya, don haka sanarwar shekarar ita ce abin bi. Abin da nake so iyaye su riƙe shi ne, shawarar tana farawa tun yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da ake raba 'yan kimiyya da sauran. Wanda aka bari ya kauce wa Kemistiri don yana jin tsoronta, an rufe masa ƙofar tun kafin ya san da ita. Wanda kuma aka saya wa sakamako a cibiyar da ake rubuta wa yara amsa, zai shiga aji ya tarar da ilimin sassan jiki da lissafin magani suna jiran sa, ga jarrabawar tankaɗe da makarantu da yawa ke yi a watannin farko.

A lissafa kuɗi da gaskiya. Kuɗin makarantar gwamnati ya fi sauƙi, amma bayan shi akwai na rajistar hukuma, da na jarrabawar ƙasa, da kayan sawa, da kayan aiki, da kuɗin mota zuwa wurin aikin koyo, wanda wani lokaci a ƙauye ne na makonni. Kuma karatun ba ya haɗuwa da zaman shago na cikakken wuni. Ubangidan da yaronsa ya samu gurbi, in zai taimaka masa, ya sake shi ranakun karatu ya bar masa Asabar da hutu. Na san akwai masu yin haka a Kwari, har su biya kuɗin makarantar, Allah ya saka musu da alheri.

Game da 'ya'ya mata, buƙatar ta fi tsanani. Mata da yawa a ƙasar nan sun gwammace su haihu a gida da a ce namiji ne zai duba su, wasu mazan ma ba za su bar su su je ba. Shi ya sa aka yi shirin da Birtaniya ta tallafa daga 2012 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, na shirya 'yan matan karkara su shiga makarantun lafiya. Tun 2014 kuma akwai manufar ƙasa da ta ba ma'aikatan lafiyar al'umma da suka samu ƙarin horo damar karɓar haihuwa da ba da taimakon farko ga mai jijjiga ko zubar jini kafin a tura ta gaba. Magidancin da ke son mace ta duba matarsa, ya tambayi kansa 'yar wa yake so ta yi karatun. Aure ba ya hanawa; ajujuwan nan cike suke da matan aure, wasu da goyo. Abin da ake buƙata shi ne a yi maganar a fili tun wajen neman aure, a san da kwanan asibiti da aikin dare.

Ba zan ɓoye wahalar da ke bayan kammalawa ba. Lasisi ba takardar ɗaukar aiki ba ce. Gwamnati ba kullum take ɗauka ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke riƙe da ƙananan asibitocinmu aikin sa-kai suke yi, shekara da shekaru, da ɗan abin da ba ya isar kuɗin mota. Asibitocin kuɗi suna ɗauka, albashin dai sai a hankali. In aikin gwamnati ya samu, ana iya tura mutum Doguwa ko Tudun Wada, ba Fagge ba. A wannan tsakanin ne jarrabawa ta gaske take zuwa: 'yan unguwa sun fara kiran yaro "dokta", ana ƙwanƙwasa masa ƙofa da dare, aljihu kuma babu komai. Daga nan wasu ke zamewa su mai da ɗaki asibiti, su yi ƙarin jini, su taɓa abin da ba a koya musu ba. Hukumar da ke kula da asibitoci masu zaman kansu ta jihar Kano ta sha rufe irin waɗannan wurare, galibi bayan an riga an yi ɓarna. Iyaye suna da hannu a nan, domin sau da yawa su ne ke fara alfahari da "likitan gidanmu", su turo masa dangi da abin da ya fi ƙarfinsa. Ku taimake shi ya iya cewa, "Kawu, wannan ba nawa ba ne, mu tafi Murtala."

Wanda ke son ya hau sama, akwai matakala ta halal. Mai CHEW da ya yi aiki zai iya komawa horon babban jami'in lafiyar al'umma, wanda ake yi a asibitocin koyarwa, ciki har da na Malam Aminu Kano. Mai difloma ta ƙasa a tsaftar muhalli ko adana bayanai zai iya ƙara shekara biyu ya yi babbar difloma. Mai taimaka wa masanin gwaje-gwaje zai iya neman jami'a ya yi digirin ya zama masanin da kansa, wanda doka ta yarda ya jagoranci ɗakin gwaji. Sharuɗɗan shiga kai-tsaye sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka mai wannan niyya ya nemi bayaninsu tun yana shekarar farko, ya kuma adana asalin sakamakonsa na sakandare da lambar rajistarsa, domin duk inda ya je za a sake neman su. Lasisin kansa ana sabunta shi lokaci-lokaci, da kuɗi da shaidar halartar ƙarin horo, kuma duk asibitin kirki, a gida ko a Saudiyya, sai ya tuntuɓi hukumar ya tabbatar sunan yana cikin rajista kafin ya ba mutum aiki.